Taswirar Fadamar Riskuwa

Maganar ta fita daga bakin Malam Hodi ne a wani gidan suna a Argungu, kuma tun bai rufe baki ba ya so a ce ya haɗiye ta.

Yayansa Ummaru ne ya ja shi. Suna zaune kan tabarma ana rabon goro, sai Ummaru, wanda ya zo daga Gulma inda yake noman shinkafa, ya dube shi ya ce, “Wai ita Jannatu har yau tana waccan makaranta? Mi taka koyo da ba ya ƙarewa?”

“Kwamfuta,” in ji Hodi.

“Ita kwamfutar mi aka yi da ita?”

Hodi ya san amsar. 'Yarsa tana karatu a Foli, kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ba ta faɗuwa jarrabawa, amma abin da ya cinye mata zuciya daban ne. Labari take rubutawa na wata ƙasa da babu ita a duniya, mai sarauniya da dodanni, kuma wata biyu ke nan tana fama da zana taswirar ƙasar. Ya dubi maza takwas da suka zuba masa ido, ya ji ba zai iya cewa 'yarsa mai shekara ashirin da ɗaya tatsuniya take zanawa ba.

“Taswira take yi,” ya ce.

“Irin ta safiyo, masu awon fili?”

“Irin ta.”

Aka ce Allah ya yi albarka, aka koma zancen taki. Hodi ya hau mota ya koma gida Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi, yana gaya wa kansa cewa maganar gidan suna a gidan suna take kwana.

Bayan mako biyu Ummaru ya kira shi a waya. Ruwan bana ya janye, ya shafe iyakar da ke tsakanin gonar gidansu da ta Malam Abdussamadu. Gonar gidan nasu ita ce ake kira Fadamar Riskuwa, da sunan mahaifiyarsu, kuma ita ke ciyar da gidan Ummaru. Kututturen giginyar da aka sani a matsayin iyaka ya nutse cikin laka, kowa na nuna wuri daban.

“Na hwaɗa ma mai unguwa ɗiyata na da na'ura,” in ji Ummaru. “Ran Asabar ka zo da taswira. Na ce abin da takarda tac ce, na yarda.”

Hodi ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “To, Yaya.”

Da ya dawo daga aiki ranar, ya tarar da Jannatu a inuwar ɗaki da tsohuwar kwamfutarta bisa turmi da ta kifa. Ya yi niyyar gaya mata. Har ya ja kujera ya zauna, sai ta riga shi.

“Baba, zo ka raba mini gardama. Manhaja ukku gare ni, na rasa wadda zan ɗauka. In na fara da ɗaya ba a komawa wata, sai dai a sake daga farko, hutun nan kuma shi ke gare ni.”

Ta nuna masa ta farko. Wuri guda ake dannawa, sai ƙasa ta fito sukutum da gulabenta da iyakokinta. In ka ba ta sunaye, ita ke watsa su inda ta ga dama. Ta biyu kuwa kyau ne da ita kamar hoton kalanda, ga duwatsu masu farar ƙanƙara, ga itatuwa masu tsini, amma ba ta buɗewa sai da intanet, shi kuma intanet ɗin unguwarsu yana zuwa ne yana tafiya kamar wutar lantarki. Ta ukun farin allo ne kawai. Komai da hannu ake zanawa, tun daga gaɓar ruwa har bukka.

“Wannan wahala ce tsantsa,” ta ce. “Amma sauran biyun sun ƙi bari gulbina ya rabu. Na tambaya a zauren masu irin wannan zane a intanet, duk suka ce gulbi ba ya rabuwa, haɗuwa yake har ya faɗa teku. Haka ne, Baba?”

Hodi bai ji tambayar sosai ba. Idonsa na kan allon, inda ya hango rubutun da ya iya haɗawa a hankali: Fadamar Riskuwa. Kusa da shi, Mashigin Giginya. Can sama, Tafkin Kada.

“Waɗannan sunaye fa?”

“Naka ne,” ta ce tana dariya. “Labaran da kake ba ni ina ƙarama. Na sace su duka.”

Ya ce, “Yadda kika gani,” ya tashi ya tafi alwala, alhali da sauran lokaci.

Shekara ashirin da biyu Hodi yana masinja a wata ma'aikata. Firamare ya gama, sai shekara ɗaya a gaba da ita. Amma akwai abin da ya sani wanda ba a koyarwa a aji. Ya ga manyan mutane sun shigo ofis suna kumfar baki, an aza musu fayil mai kauri a gaba, sun yi laushi ba tare da sun karanta layi ɗaya ba. A ganinsa takarda ba karantawa ake yi ba, tsoronta ake ji. To, me zai hana a Gulma? Dattawa za su ga layuka da sunayen da suka sani, su gyaɗa kai, su ce yarinya ta yi ƙoƙari, sannan su sasanta da baki kamar yadda aka saba. Shi ya fita kunya, Yaya ya fita, ba wanda ya yi asara. Kwana uku yana juya wannan lissafi har ya fara yi masa kama da hankali.

Jannatu ta tura gwajin manhajojin nan uku wurin ƙawarta Mirabel, mai aiki a shagon buga takardu kusa da ofishinsu, don ta gan su a babbar takarda kafin ta zaɓa. Ranar Juma'a ta roƙe shi ya karɓo mata.

“Baba, ina wuni,” in ji Mirabel, ta miƙo masa naɗi uku da hannu biyu. “Ka ce wa Jannatu ni dai mai ƙanƙarar na zaɓa. In ta ɗauki mai farin allon nan, sai mun yi jikoki ba ta gama ba.”

A ofis ya warware su. Ta farkon ita ce ta fi kama da aikin gwamnati: layuka a tsaye da a kwance, alamar gabas da yamma, da wani jan layi mai ɗigo-ɗigo da ya ratsa tsakiya. Matsalarta guda. Daga ƙasa akwai teku shuɗi, cikin tekun kuma ga dodo mai kai uku ya ɗago wuya. Hodi ya ninke wannan gefen zuwa baya, ya danne da farce, ya sa takardar cikin sabon fayil, ya ɗaure da igiya yadda ya ɗaure dubbai.

Da ya isa gida ya miƙa wa Jannatu naɗi biyu.

“Ɗayan fa?”

“Biyu ta ba ni.”

Ya faɗa yana kallon takalminsa.

Ran Asabar ya sa farar kaftaninsa ta Juma'a, ya hau mota zuwa Argungu, daga nan kabu-kabu ya kai shi Gulma. A bakin fadama ya same su, ƙarƙashin wata tsamiya: mai unguwa a kan kujera, Ummaru a tsaye, Malam Abdussamadu a zaune kan buhu, da wasu manoma da suka bar aikinsu don su ga na'ura ta yanke hukunci. Bayansu gulbi ya bar laka baƙa mai sheƙi, ruwa na tafiya a hanyoyi uku kafin ya sake haɗuwa can nesa.

Aka gaisa. Mai unguwa ya ce, “Ummaru, kana nan kan maganarka?”

“Ina nan. Abin da takarda tac ce.”

“Malam Abdussamadu?”

“Sai na gani,” ya ce, ya sa hannu aljihu ya fito da tabarau.

Sai a nan Hodi ya tuna. Ya manta, ko ya sa kansa ya manta, cewa Abdussamadu ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare kafin ya koma gona.

Tsohon malamin ya kwance igiyar, ya shimfiɗa takardar a kan buhu, ya bi ta da yatsa ba gaggawa. Ya karanta sunayen da ƙarfi, manoma na amsawa da “awo, awo.” Ya tsaya a kan wasu duwatsu da ke gabas da Tafkin Kada, ya ɗago ya dubi filin da ba ko tudun tururuwa, ya dubi Hodi. Sai ya aza yatsa kan jan layin.

“Wanga layi shi ne iyaka?”

Kafin Hodi ya amsa, Ummaru ya ce, “Shi ne mana. Ba ka ga ja ba ne?”

“To madalla. Ga Mashigin Giginya nan, ya hwaɗo gehena. Ga Fadamar Riskuwa, layi ya raba ta biyu, babban rabon na gehena.” Ya cire tabarau. “Ranka ya daɗe, na yarda da takarda. Ai ɗiyarsu ce ta zana, ba tawa ba.”

Ummaru ya duƙa kan takardar da ba ya iya karantawa, ya bi jan layin da ido, ya miƙe. Mutum ne da bai taɓa janye maganar da ya yi gaban jama'a ba, kuma Hodi ya ga alamar ba zai fara yau ba.

“In haka na'ura ta gani,” in ji Ummaru a hankali, “to.”

Mai unguwa ya gyara zama zai yi magana.

“Ranka ya daɗe, a dakata,” in ji Hodi.

Muryar ta fito siririya, har sai da ya maimaita. Ya ce takardar ba ta Gulma ba ce. Ya ce ba ta ko'ina ba ce. Jannatu ba safiyo ba ce, labari take rubutawa, jan layin nan iyakar wata sarauniya ce da wani sarkin da ba a taɓa haifa ba, kuma na'ura ce ta jefa shi inda ta ga dama. Yarinyar ba ta ma san takardar ta bar Birnin Kebbi ba.

“Ni na yi ƙarya a gidan suna,” ya ce. “Ni na ɗauko ta.”

Malam Abdussamadu ya sa yatsa ƙarƙashin ninkin da Hodi ya danne da farce, ya buɗe shi. Teku ya bayyana, dodo ya ɗago kawunansa uku.

“Dama nai mamaki,” ya ce. “Shekara sittin da biyar ina garin ga, ba a taɓa gwada man teku ba. Ummaru, wanga mai kai ukku gehenka yake ko gehena?”

Dariyar ta fara ne daga baya, wurin manoma, ta zagayo har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Wani ya ce a bar wa Hodi dodon ya kai ofis. Wani ya ce a tambayi Jannatu ko akwai sauran fili bakin tekun, shi yana son noman rani. Ummaru kaɗai bai yi dariya ba. Bai kuma dubi ƙanensa ba.

Da dariya ta lafa, mai unguwa ya ce tun da na'ura ta kasa, sai a koma yadda iyaye suka yi: a shiga laka da dogayen sanduna a soka har a taɓa kututturen. Mutum huɗu suka naɗe wando. Hodi ya karɓi sanda daga hannun wani, ya shiga da kaftaninsa yadda take. Ba wanda ya ce ya cire, shi ma bai ga ya cancanci ya tsaya cirewa ba.

Laka ta kama shi har gwiwa. Ya ratsa hanyar ruwa ta farko, ya ratsa ta biyu inda ruwan ya kai masa ƙugu. Yana yaro nan yake zama ya kori tsuntsaye daga shinkafar Inna Riskuwa, bayansa jingine da giginyar, tsamiya na hannun dama, hasumiyar masallaci na leƙowa ta saman kafaɗarsa ta hagu. Ya juya har ya daidaita su, ya soka. Babu. Ya matsa taki uku, ya soka. Sai a karo na tara sandar ta buga abu mai tauri, hannunsa ya ji shi har kafaɗa.

Aka tona aka ga bakin kututture. Iyakar ta faɗo kusa da inda Abdussamadu ke nunawa tun farko. Kunya biyu na shuka da Ummaru ke cewa nasa ne suka koma wancan gefe, sauran fadamar ta tsaya a hannunsa. Aka kafa sabon turke, aka yi fatiha.

A hanyar komawa gari Ummaru na gaba, Hodi na baya, laka na bushewa a jikinsa tana tsagewa. Sun kusa gida kafin yayan ya yi magana, bai waiwayo ba.

“Da ka ce tatsuniya taka yi, wa za ya yanka ka?”

“Ba kowa, Yaya.”

“Gonar Inna.” Ya yi tafiya kaɗan. “Ka shiga ka yi wanka. Kar ka hau motar mutane haka.”

Da rigar aro ya iso Gwadangaji bayan la'asar, rigar Ummaru mai gajeren hannu, kaftaninsa a leda, fayil a hammata. Jannatu na inda ya bar ta, takardu biyun a shimfiɗe an danne kusurwoyinsu da duwatsu. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta jira ya sha.

“Na kira Mirabel,” ta ce. “Har mun yi faɗa. Ta rantse ukku ta ba ka.”

Ya miƙa mata fayil ɗin. Takardar ta sha laka a gefe, ga shatar yatsun mutane da yawa. Ya ba ta labarin tun daga gidan suna, bai rage komai ba, har maganar mai son fili bakin teku. Ya ɗauka za ta yi dariya a nan. Ba ta yi ba. Ta shafa ninkin da ya ɓoye dodon, wanda ya bar farin layi a tsakiyar tekun.

“Kunyata kake ji, Baba?”

Ya so ya ce a'a. Amma ƙaryar da ya yi a makon nan ta ishe shi.

“Na ji,” ya ce. “Ban san yadda ake faɗinsa ba ne gaban mutane. Ban san sunan abin ba.”

“Da ka tambaye ni.”

“Da na tambaye ki.”

Ta ɗauke kai ta dubi allon kwamfutar, ta daɗe. Shi kuma ya zauna da hannayensa tsakanin gwiwoyi, yana ganin sauran laka a ƙarƙashin faratansa. Can ya ce ran Litinin zai biya shagon ya ba Mirabel haƙuri da bakinsa. Ta ce ya kamata.

Ya dubi takardu biyun da ke ƙasa, ya ga gulbin kowacce ya miƙe santal kamar titi, sai tambayar da ta yi masa ranar nan ta dawo masa.

“Mutanen nan da suka ce miki gulbi ba ya rabuwa,” ya ce, “ba su zo Gulma ba. Yau na ratsa shi a wuri biyu, na ukun na gabana. Bana ukku ne. Shekarar da aka haife ki biyar ya yi.”

Ta juyo kaɗan. “Yana sake haɗuwa?”

“Yana haɗuwa, can ƙasa. Amma ba inda ya haɗu bara ba. Abin da ke tsakani shi ne fadama, nan ake shuka. Ita waccan mai dannawa ta sa Tafkin Kada a kan tudu. Tafki ba ya zama a kan tudu. Tsohuwar hanyar gulbi ce da ya bari.”

Jannatu ta jawo kwamfutar. Ta rufe manhajar farko, ta rufe mai ƙanƙara, ta bar farin allon. Sai ta juya takardar mai laka ta bayanta, ta aza fensir a kai, ta tura gabansa.

“Zana mini yadda yake. Ni zan kwafa.”

“Ban iya zane ba.”

“Ka iya ninki,” ta ce.

Ya riƙe fensirin, ya ja layi ɗaya daga sama, ya raba shi uku, ya karkata na tsakiyar yadda ya karkata da safe sa'ad da ruwan ya kai masa ƙugu. Ya ɗiga wuri guda ya ce nan giginyar take. Ita tana kallon hannunsa, shi kuma bai yarda ya ɗago ido ba.

“Dodon fa?” ta ce bayan wani lokaci. “In cire shi?”

“Bar shi,” in ji Hodi. “Duk Gulma sun san shi yanzu.”